Gadon da ke Cikin Tulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwata ta gudu. Ta tafi inda ba a bin sawu, kuma ba ta nemi izinin ubangidanta ba. Ina zaune a ƙofar shago da hantsi aka bugo waya, aka ce Farfesa ta cika.

Wanda bai san gidanmu ba kada ya zaro ido. Marigayiya 'yar Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, ita 'yar mace, taubasai ke nan, kuma tun kafin a haife mu aka yanke shari'ar cewa ni ne ubangida. Ta girme ni. Ta yi karatu har ya ƙare aka rasa abin da za a ƙara mata, ni kuwa daga aji huɗu na firamare na ga malamai sun ƙoshi da ni, na koma keken ɗinki. Duk da haka ban taɓa kiran ta Farfesa ba, ita ma ba ta taɓa shigowa shagona ba tare da ta ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya, ko har yanzu ana ɓata wa mutane yadi?" ba.

A gidanmu na Dukawuya aka yi zaman makoki, domin a nan Kaka ta riƙe ta tun tana ƙarama. Mutanen jami'a suka cika lungu da motoci har mai kura ya rasa ta inda zai wuce. Wani mai gilashi ya tashi ya jero sunayen binciken da ta yi, rabi Hausa rabi Turanci, muna ta cewa amin ba mu san a kan me ba. Ɗalibanta mata suka zauna a tsakar gida suna kuka ba sauti. Wani tsoho mai sayar da saiwoyi a kasuwar Kurmi ya zo, ya tsuguna a gefen tabarma, ya yi addu'a, sannan ya ce mini a hankali, "Hajiyar nan ta sa na zubar da kaya buhu guda. Amma duk abin da ta ce yana da kyau, har yau shi nake ba iyalina." Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Tsofaffin mata kuwa daga cikin gida maganarsu ɗaya ce: ciwon gidan ne ya ɗauke ta. Sai Yayana, wanda shi ne mai gidan yanzu, ya gyara zama ya ce wa liman, yadda kowa zai ji, "Gado ne, Malam. Ita da ta daina shan jiƙon gidan tun tuni, ga shi nan ya cim mata. Allah dai ya jiƙanta."

Wannan magana ce ta sa na nemi biro. Ni ba marubuci ba ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

A kusurwar soron gidanmu akwai wani baƙin tulu. Na Kaka ne. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, duk wanda ke gidan, daga mai furfura har wanda aka yaye jiya, sai ya sha moɗa ɗaya ta jiƙon da ke ciki. Maganin shawara ne, maganin tsutsa ne, maganin dattin ciki ne, maganin duk abin da bai zo ba tukuna. Ɗacinsa yakan kwana a maƙogwaro. Bayan Kaka, Baba ya karɓi tulun. Bayan Baba, Yaya.

Akwai kuma ciwon. Mutumin gidanmu yakan yi ƙarfi kamar doki har ya manyanta, sai wata rana takalmi ya ƙi shiga. Ƙafa ta kumbura, fuska ta ɗashe, fitsari ya ragu, wani ma ya ga jini. Haka Baba ya tafi. Haka Baffa ƙarami ya tafi, haka ƙanina da ke bi mini ya riga ni. Unguwa ta sa masa suna ciwon gidan tulu, ba don ana zargin tulun ba, don dai da shi aka san gidan. Har akwai masu zuwa neman aure su ji labari su janye. Mu kuma duk wanda aka binne sai mu dawo mu ƙara ƙaimi wajen shan jiƙo, don mu tsare sauran.

Tun tana yarinya baiwata ba ta iya karɓar abu ta kai baki shiru. Ko alewa ka miƙa mata sai ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Me ke ciki?" Har ya zame mata suna. Yaran unguwa da ba su san Farfesa ba sun san Hajiya Me-ke-ciki. Da ta girma sai aka ba ta albashi a kan wannan tambayar. Aikinta ke nan har ta yi ritaya: a kawo ganye, ko saiwa, ko ɓawon itace, ta shanya, ta daka, ta jiƙa a sinadari, ta tace, ta bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya har ta san wanda ke warkarwa da wanda ke cutarwa.

Masu cewa ta raina maganin gargajiya ba su taɓa shiga motarta ba. Bayan motar nan kullum kamar rumfar boka, sabara da marke da hano da abin da ban san sunansa ba. In tana maganar sabara har muryarta takan sauya, kamar mai yabon jika. Abin da ta ƙi shi ne a ce mata abu "ba ya illa tunda daga itace yake." Sai ta ce, "Tumfafiya ma itace ce. Ɗiga wa idonka." In ka ce wani magani ya yi maka aiki, tambaya biyu ce: nawa ka sha, kuma tun yaushe kake sha. Ba ta cewa abu yana magani sai ta ƙara da, "a cikin kwalba dai ya yi, a jikin mutum ban sani ba tukuna." Na ce mata da wannan bakin ko ruwan sanyi ba za ta iya sayarwa a Kano ba. Ta ce shi ya sa Allah ya haɗa ta da ubangida mai ɗinka wa mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya rantse masa yayi ne.

Ni nake ɗinka mata fararen rigunan aiki. Ba ta wata biyu sai ta dawo da su duk huji, sinadari ya cinye. Wata rana na kai mata sababbi har ɗakin gwaje-gwajensu, wuri mai wari kamar an haɗa asibiti da gidan mai. Na tarar da ita da wata gora a gabanta, na gane launin abin da ke ciki tun daga ƙofa. Jiƙon Kaka ne. Matar Yaya ce ta ɗebo mata, da 'yan guntayen saiwar.

Ta ce, "Zauna, ranka ya daɗe, yau za ka shiga aji biyar."

Ta ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wani farin abu kamar katin ɗaurin aure, ta jingina shi a cikin kwalba mai ɗan ruwa a ƙasa. Ruwan ya riƙa hawa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, yana jan ɗigon, ɗigon yana rarrabuwa a hanya. Ta kai shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, sai ga tabo-tabo sun fito a jere. Ta ce abin da muke kira jiƙo taro ne, kowane tabo mutum ne da halinsa. Daga nan ta ja ni gaban wani inji mai allo, inda wani layi ke tafiya yana hawa yana sauka.

"Ga Dala," ta ce, tana nuna wani tudu. "Ga Goron Dutse. Waɗannan ba ruwansu da kowa. Wannan dogon na gefe shi nake tsoro."

Ta faɗi sunansa, aristo wani abu, sunan ya fi ƙarfin haƙoran da suka rage mini. Ta ce an san shi a duniya. Yana cin ƙoda a hankali, ba ya sa ciwon ciki balle ka gane, kuma ɓarnar da ya yi ba ta komawa ko ka daina sha.

Na ce, "To ki je ki gaya wa Yaya."

Ta ce, "Ban tabbata ba tukuna."

Sai da ta maimaita aikin har na daina tambaya. Ta aika wa wasu abokan aikinta su ma su duba ba tare da ta gaya musu abin da take zato ba. Ta ba fararen ɓerayensu, ta ga yadda ƙodarsu ta koma. Ta kuma je ta zauna da Gwaggo, mahaifiyarta, wadda a lokacin ta tsufa ƙwarai amma hankalinta na nan, ta tambaye ta me Kaka take sawa a tulu. Gwaggo ta ce ɓawon maɗaci, daga wata babbar bishiya da ke bayan ganuwa. Da aka sare bishiyar aka yi gini, Baba ya shiga kasuwa neman maɗaci, aka ce babu ɓawo amma ga saiwar maɗacin ƙasa, ta ma fi ɗaci. Da aka jiƙa ta, kowa a gidan ya yaba, aka ce jiƙon Kaka ya ƙara ƙarfi. Mu a wurinmu ai ɗaci shi ne shaidar magani.

Ina wurin ranar da ta zo wa Yaya da maganar. Ta tuɓe takalmi a ƙofar soro, ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba ita ke koyar da masu gemu ba. Ta ajiye ɓawo a dama, saiwa a hagu.

"Yaya, wannan Kaka take jiƙawa. Wannan kuma shi muke sha. Ba abu ɗaya ba ne."

"Maɗaci dai maɗaci ne," in ji Yaya.

"Takwara ne kawai. Ɗaya bishiya ce mai inuwa, ɗaya yaɗo ne da ke bin ƙasa. Ko dangi ba su haɗa ba."

"To sai me?"

"Shi ke cin ƙodar mutanen gidan nan. Gado ne kamar yadda ake faɗa, Yaya, amma a tulu yake. Ba ya cikin jininmu."

Yaya ya daɗe yana kallon saiwar. Sannan ya ce, "Wato Baba ne ya kashe kansa. Ya kashe ƙaninsa, ya kashe ɗansa."

"Baba bai sani ba. Mu ne muka sani."

"Ke 'yar Gwaggo, a wannan soron aka goye ki. Boko ya kai ki har ki tono ubana a kabari ki ɗora masa kisa? Tashi."

Na so in sa wasa a ciki, don aikina ke nan a gidan. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, baiwa ce, ban gama horar da ita ba." Ba wanda ya yi dariya. Ta tattara ɓawonta da saiwarta ta fita. Ta bi gidajen 'yan'uwa ɗaya-ɗaya tana bayani, wasu suka daina sha, wasu suka ce aljanun Turawa ne suka shige ta. Ni na daina, saboda na ga dogon tudun nan da idona, kuma ina tsoron bakinta. Yaya ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarta. Ita kuma ba ta fasa zuwa gaishe shi kowace Sallah ba, ta durƙusa, ta yi gaisuwar, ta amsa wa kanta a zuci, ta tashi.

Sai takalmi ya ƙi shiga ƙafar babban ɗan Yaya. Magidanci ne da 'ya'yansa ƙanana. Ba wanda ya kira ta. Ta ji a bakin mata, ta zo da motarta mai warin sabara, ta ɗauke shi ta kai asibiti. Ita ta san likitocin, yawancinsu sun zauna a ajinta. Duk ranar wankin ƙoda ita ke kai shi, ta zauna a gefen gado tana ɓare masa lemo tana hana shi sha da yawa, ta dawo da shi. Yaya yana zaune a benci a waje, ita tana wucewa ta gabansa, ba ta taɓa furta kalmar tulu ba. Na jira ta ce "na faɗa." Ni da ni ne da na sa an rubuta a allo. Ba ta ce ba har aka binne yaron.

Da muka dawo daga maƙabarta, Yaya ya shiga soro, ya ɗauki tulun ya kai bakin kwata ya tuntsurar, ya dawo da shi ya kife a kusurwarsa. Bai ce ta yi gaskiya ba. Amma da Sallah ta zo ya amsa gaisuwa. Jikokin da aka haifa bayan nan sun tashi suna zaton tulun kujera ce.

Nata ciwon ya zo bayan ta yi ritaya. Ita ta fara ganewa kafin likita. Na je duba ta wata azahar, na same ta an jona mata robobi, jininta yana fita yana shiga inji yana dawowa. Tana kallon injin kamar ɗalibin da take jiran ya yi kuskure.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Tacewa ce. Aikina ne ake yi mini."

Na ce, "An dai rama wa ganyaye."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huta ta ce, "In na tafi za su ce gado ne. Za su ce ga wadda ta daina sha ma ta mutu."

"Wa ya ce za ki tafi? Ban sa hannu ba."

"Ka gaya musu abin da na sha ina yarinya ne ya biyo ni. Kaka ta fi ba ni, don ni ce 'yar lele, da babanku ya ɗora da saiwar kuma ba a rage mini ba. Ka gaya musu yaran da ba su taɓa sha ba, ba abin da zai same su. Kada a tayar da tulun nan."

Na ce, "Yau kuma baiwa ce ke aiken ubangida?"

Ta ce, "Sau ɗaya dai. Kuma ɗaga wandonka in gani."

Na ce ba a yi wa manya haka. Ta tsare ni da ido har na ɗaga. Ta daɗe tana kallon ƙafata, ba ta yi tambayoyinta biyu ba, don ta san amsarsu. Ta ce in je in ga wani ɗalibinta. Na je. Shi ya sa keken ɗinkina ya yi shiru tun bara, ƙafar ba ta iya taka shi. Likkafaninta da hannu na haɗa shi, farin yadi na ƙarshe da na yanka mata, kuma wannan karon ba ta ce hannu ɗaya ya fi ɗaya ba.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai, na sauko daga masallaci na biya gida. Tun daga ƙofa na ji warin. Tulun yana tsaye, an wanke shi, an rufe bakinsa da faifai. Yaya yana kan buzu da moɗa a hannu, jikoki sun yi layi suna tura juna, su a ganinsu wani sabon wasa ne. Iyayensu mata, matan 'ya'yan Yaya, suna tsaye bayan labulen ƙofar cikin gida. Ina ganin ƙafafunsu.

Na ce, "Yaya, me ke ciki?"

Ya ce, "Kai ma ka gaji ciwon bakinta? Shekara nawa muka bar yaran nan ba kariya saboda maganarta. Ga shi ita ma ya ɗauke ta."

Na faɗi saƙon kamar yadda aka aiko ni. Ban iya sunan abin ba, ba ni da fitila mai shuɗin haske, ba ni da ɓera ko ɗaya. Yaya ya ce aji huɗu bai isa ya koya masa tsaron gida ba, ya tsoma moɗa.

Abin da na yi daga nan ba a yin sa, kuma na san za a daɗe ana faɗi. Na ja kujera na zauna ina fuskantar labule. Na naɗe wandona har gwiwa a gaban surukai. Na danna babban yatsa a ƙwaurina na ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo.

Na ce, "Ku da ke bayan labule, ku kalla da kyau, kunya ta ƙare. Ni na sha tun ina kamar wannan na gaba. Wadda ta san abin da ke ciki ta ce yaranku ba su da shi a jini, sai in kun bari an zuba musu. Ni tela ne, ba na iya gardama da Yaya. Ƙafa dai ga ta."

Sai wata murya daga bayan labule ta kira sunan ɗanta, a hankali, kamar za ta aike shi. Matar marigayi babban ɗan Yaya ce. Yaron ya fita daga layi. Sai wata ta kira nata. Ba wadda ta ɗaga labule, layin dai ya ƙare.

Yaya ya zauna da moɗa cike a hannu. Ya dube ni, ya dubi ƙafata. Ya ce, "Sauke wandonka." Sannan ya ɗaga moɗar ya shanye shi kaɗai, ya mayar da faifai. Na fahimce shi. In ya zubar, ya yarda Baba ne silar ciwon, ya yarda kuma da hannunsa ya ba ɗansa.

Tulun yana nan a tsaye har yau. Ni ma kowace Juma'a ina nan, in ja kujerata kusa da shi in zauna har la'asar, Yaya yana gefe ba ma magana. Ba yaron da ya sha. Amma takalmina na masallaci ya fara ƙin shiga, kuma Yaya, Allah ya ƙara masa lafiya, cikin mutanen gidanmu shi ne wanda abin bai taɓa ba, don haka ina zaton zan riga shi tafiya, in bar shi shi kaɗai a soron.

Shi ya sa na rubuta. 'Ya'yan gidanmu da za su karanta wannan, in an miƙo muku moɗa, ko wa ya miƙo, ku yi tambayar Hajiya kafin ku kai baki.

Allah ya jiƙan 'yar Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta bincika ya zame mata sadaka mai gudana. Na 'yanta ta, duniya da lahira. In na iso, ni zan fara durƙusawa.